Kayen Kawu

Kawuna yana da kanti a babbar kasuwar Maraɗi. Shinkafa yake sayarwa da taliya da sukari da man girki, yawanci sari, kuma rabin cinikinsa bashi ne. Masu ƙananan tebura daga Tibiri da Madarumfa da Gidan Rumji da ƙauyukan da ke tsakaninsu sukan shigo ranar Litinin ko Juma'a, su kawo kuɗin kayan da suka ɗauka wancan zuwan, su ɗauki sabo, a rubuta a kaye. Ga wanda bai saba da Hausarmu ta nan ba, kaye shi ne littafin rubutu irin na ƴan lakwal. Tun ina ƙarami nake ganinsa a kan teburin Kawu, an ɗaure shi da roba, gefen takardunsa ya yi baƙi saboda yatsu. In ɗaya ya cika a jefa shi cikin akwatin ƙarfe a ɗauko wani.

A shekarar 2019, ina sabon shiga jami'a, kaina cike da iska, na je na tsuguna gabansa na ce, "Kawu, ku saya mini kwamfuta, ni kuma in yi muku manhajar da za ta riƙe lissafin nan gaba ɗaya. Kuna taɓa sunan mutum bashinsa ya fito, ba sai an yi ta buɗe takardu ba."

Ya dube ni ya ce, "Wata nawa?"

Na ce uku.

Bai ƙara tambayar komai ba. Bayan mako biyu aka kawo mini kwamfutar cinya ta gwanjo daga Kano, jikka ɗari da ashirin. Inna, wadda ita ce yayarsa, ta yi ta sa masa albarka har sai da ya ji kunya ya tashi ya tafi.

Wata ukun nan shekara uku suka zama. Abin da ya fi ba ni haushi in na tuna shi ne ban yi zaman banza ba ko kaɗan. Kullum ina gaban kwamfuta. Na fara da Python, harshen da wani ɗan ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ya fitar a 1991, don kowa na cewa shi ya fi sauƙi ga mai koyo. Na yi mako shida. Sai wani a jami'a ya ce mini duniya ta koma kan intanet, wanda bai iya JavaScript ba an bar shi a tasha. Na koma can. Daga nan na ji ana zancen Flutter, wai rubutu ɗaya za ka yi ya hau kowace irin waya, na ce ai wannan ne daidai da Kawu. Na leƙa PHP, na leƙa Java. Ina sayen forfen dare, wato datar da ake sayarwa da rahusa bayan kowa ya yi barci, in kwana ina sauke bidiyon darussa. Na tara abin da ko shekara biyar zan yi ina kallo ba zan gama ba. A kowane harshe na koyi yadda ake sa allon kwamfuta ya gai da duniya, da yadda ake ajiye lamba a ƙarƙashin suna, da yadda ake sa na'ura ta maimaita aiki sau goma. Nan nake tsayawa. Na iya gaisuwa da harsuna biyar, amma ko cinikin tumatir ba zan iya da ɗayansu ba.

Yanzu na gane dalilin. Farkon kowane darasi daɗi gare shi, malamin yana rubutawa kana bi, komai na tafiya, kana jin kanka kamar gwani. Tsakiya ce mai ɗaci, wurin da za ka rufe bidiyo ka rubuta naka, allon ya cika da jan rubutu na kuskure. Ga shi da Ingilishi yake zuwa, mu kuwa da Faransanci aka koya mana boko, sai ka fassara saƙon tukuna kafin ma ka san abin da ke damunka. Duk sanda na iso wannan wuri sai wani sabon harshe ya yi mini kyau. A lokacin ba na kiran abin gudu. Cewa nake ina faɗaɗa ilimi.

Da dare kuma akwai fada. Duk saurayin Maraɗi ya san ta: benci biyu, tabarma, butar shayi a kan gawayi, hira har ɗaya ko biyun dare. A fadarmu "Injiniya" ake ce mini. Waya ta ƙi yin WhatsApp, a miƙo wa Injiniya. Sunan ya zauna tun ban gina komai ba, ni kuma na ji daɗinsa na ƙi gyarawa.

A ƙarshen 2021 na ci karo da wani tsari da Alexander Kallaway ya fara a 2016: ka yi alkawarin rubuta kod aƙalla awa ɗaya kullum har kwana ɗari, kana sanar da mutane. Na ce ga maganin ciwona. A shafin GitHub, inda masu wannan sana'a ke ajiye aikinsu, akwai wani jadawali na ƙananan murabba'ai, kowane ɗaya na tsaye a madadin kwana guda. In ka tura aiki a ranar sai ya zama kore. Mako biyun farko na yi aiki na gaskiya. Daga nan sai jadawalin ya zama shi ne aikin. In dare ya yi ina fada, sha biyu ta kusa, sai in ruga gida in buɗe wani fayil in ƙara waƙafi ɗaya, ko in cire wanda na ƙara jiya, in tura, murabba'in ya yi kore, in koma in karɓi kofina na biyu. Na kai kwana saba'in da uku a haka. Ina ɗaukar hoton jadawalin ina sawa a Facebook ana yi mini jinjina. Tsarin ba shi da laifi, mutane da yawa sun amfana da shi. Ni ne na mai da shi kamar ɗalibin da ke zuwa aji don a kira suna kawai.

Ana saura mako guda azumin 2022, Inna ta same ni a ɗaki ta ce, "Ɗan'uwana ya tambaye ni ko kwamfutar nan lalacewa ta yi." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ta saki labule ta fita. Shekara uku Kawu bai taɓa yi mini maganar ba, ko da wasa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Dare uku na yi ban runtsa ba. Na tsinto kod daga nan, na kwafo daga can, na liƙa su da juna har abin ya tashi. Ina ƙarfafa kaina da labarin da na taɓa karantawa cewa Brendan Eich cikin kwana goma ya rubuta JavaScript na farko a 1995. Ban tsaya na tuna cewa mutumin ya shekara da shekaru yana wannan aiki kafin kwana goman nan ba. A rana ta huɗu na kai kwamfutar kanti na ɗora a kan tebur. Akwai jerin kaya da farashinsu, akwai sunayen masu ɗaukar bashi, akwai wani ɗan gurbi da aka rubuta "Biya" a kansa, inda za a sa kuɗin da mutum ya kawo. Ɗan Kawu, ƙanena da ke lise a lokacin, ya zauna ya shigar da tsofaffin basussuka. Kawu ya sa tabarau ya leƙa, ya ce, "Madalla."

Sai na ɗan tsaya in yi bayani saboda ƴan'uwa na Najeriya. Mu a nan kuɗinmu sefa ne, amma a baki ba da sefa muke ƙirga ba, da dala muke yi, kuma dala ɗaya sefa biyar ce. In mai tumatir ta ce maka ashirin, sefa ɗari take nufi. In ta ce ɗari, sefa ɗari biyar ke nan. Sefa dubu kuma ita ce jikka, dala ɗari biyu. Wanda ya yi lakwal yana rubutawa da sefa, yana magana da dala, yana juya su a kansa ba tare da ya ma lura ba. Kawu bai yi lakwal ba. Shi da babban yaron kantinsa, wanda suka fi shekara ashirin tare, da dala suke rubuta kayensu. Ni ban san haka ba. Shekara uku ina cewa zan maye gurbin littafin nan, ban taɓa cire robar na karanta shafi ɗaya ba.

Farashin kaya da sefa na shigar. Gurbin "Biya" kuwa bai ce sefa ba, bai ce dala ba, rami ne kawai da ke haɗiye kowace lamba. In ƙanena ne a kanti yana sa sefa, lissafi ya tafi daidai. In yana makaranta, yaron kanti ya sa lambar da hannunsa ya saba rubutawa. Kuma bayan an shigar da biya, manhajar ba ta nuna abin da ya rage sai an shiga wani shafi daban, cikin cunkoson azumi kuwa ba mai wannan lokacin.

Bayan ƙaramar salla abin ya fashe. Akwai wani dattijo daga wani ƙauye a yankin Madarumfa, mai tebur a bakin masallacin garinsu, wanda ke ɗaukar kaya wurin Kawu tun ba a haife ni ba. Cikin azumi ya kawo kuɗi sau uku, jimla jikka sittin, ya share bashinsa kaf. Ranar wata Juma'a ya zo ɗaukar sabon kaya, Kawu ya tafi alwala, ƙanena ya taɓa sunansa ya karanta da ƙarfi, gaban mutane sun fi goma, "Baba, akwai sauran jikka arba'in da takwas a kanku."

Ina wurin. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "Mi ka ce, yaro?" Ƙanena ya maimaita, har ya juya masa allon ya gani, kamar ganin zai taimaka. Wani daga baya ya ce ai na'ura ba ta ƙarya. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya sa hannu a aljihun gaba ya fiddo wata takarda da aka naɗe ta yi laushi, ya warware, hannunsa na rawa. Da ajami ya rubuta kowane biya da ranarsa. Ya ce, "Shekara talatin ina shigowa kasuwag ga, ba a taɓa tsai da ni a kan dala guda ba. In kun ce akwai, sai in koma gida in saida akuya in kawo. Amma Allah ya sani na biya."

Abin da ya cece mu shi ne yaron kanti bai taɓa yarda da kwamfutar ba. Duk abin da ya shigar a cikinta yana kuma rubuta shi a kaye a ɓoye, kayen na ƙarƙashin buhun sukari. Da Kawu ya dawo aka ɗauko, ga biya uku, jimla 12,000. Ga takardar dattijo, daidai. Kawu ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana ba shi haƙuri, ya sa aka ɗora masa kayansa, ya raka shi har tasha da ƙafa. Da ya dawo ya rufe kwamfutar a hankali ya miƙo mini.

"Tafi da abinka gida, ɗana. Kaye bai taɓa ƙaryata dattijo ba."

Ko minti goma ban yi ba na gano matsalar a daren. 12,000 sau biyar, 60,000. Na bi sauran sunaye na samu mutum bakwai da na ɗora wa bashin da ba su ci ba, su dai ba a kai ga karanta musu ba. Daga baya wani aboki ya so ya lallashe ni da labarin kumbon da hukumar sararin samaniyar Amurka ta rasa a kusa da duniyar Mars a watan Satumba na 1999, saboda wani rukunin injiniyoyi ya fitar da lissafi da ma'aunin fam, wani rukunin kuma ya karɓa a matsayin ma'aunin mita. Ya ce ka ga har manya na yi. Labarin gaskiya ne, amma bai sanyaya mini rai ba. Kumbo ba shi da jikoki da za su ji an ce kakansu ya ci bashi a kasuwar Maraɗi.

Na yi kusan wata guda ban buɗe kwamfutar ba. Har na yi tunanin sayar da ita in mayar wa Kawu kuɗinsa. Abin da ya hana ni ba wani ƙarfin zuciya ba ne, lissafi na yi na ga ko rabin kuɗin ba za ta kawo ba.

Da damina ta faɗi na sake farawa, kuma wannan karon ban gaya wa kowa ba. Na duba yinina na ga lokaci ɗaya ne kawai ba mai nemana a cikinsa, daga sallame sallar asuba zuwa fitowar rana sosai. Gari da sanyi, waya ba ta ƙara, ba a aike. Na ce awa ɗaya a nan, kullum. Ban sa wa kaina agogo ba, na jingina abin da sallar: in na dawo masallaci ba na komawa shimfiɗa, kai tsaye tebur. Kuɗin wannan awa a fada na biya shi, don wanda ya kai biyun dare yana shayi ba zai iya tunani da asuba ba. Na fara tashi ƙarfe goma, bayan kofin farko. An yi mini tsiya iri-iri. Wai Injiniya ya yi amarya a ɓoye, wai an ba shi dokar shiga gida. Wasu sun ji haushi da gaske, suna ganin na fara ɗaga kai ne, kuma akwai abota ɗaya ko biyu da ba su koma yadda suke ba har yau. Ban ce hakan bai dame ni ba.

Na goge bidiyon nan duka, na koma Python na tsaya a kansa, da aiki guda ɗaya tak: lissafin kantin Kawu, ko zai karɓa ko ba zai karɓa ba. Don ajiye bayanai na ɗauki SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a 2000, saboda rumbun gaba ɗaya fayil guda ne, ana iya kwafe shi a kile a sa a aljihu, ba ya bukatar intanet. Sai na sayi kaye nawa na kaina, ƙarami. Kafin in rufe kwamfuta kowace safiya nakan rubuta layi uku: abin da na yi, inda na maƙale, da abu na farko da zan taɓa gobe. Wannan layi na uku ya fi duk wata dabara da na taɓa koya amfani. A da in na zauna, minti ashirin na farko kan tafi wajen tunanin ta ina zan fara, kuma a cikin wannan minti ashirin ne shaiɗanin YouTube ke shigowa. Yanzu ina buɗe kaye in tarar da umarni daga mutumin jiya: gyara yadda ake neman suna in an rubuta shi da ƙaramin baƙi. Ba shawara, sai aiki.

Na daina ƙirga kwanaki. Har yanzu ina amfani da Git, kayan aikin da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don adana tarihin kowane canji a kod, amma don in iya komawa baya in na ɓata abu, da kuma in rubuta wa kaina dalilin kowane canji. Jadawalin kore ban san yadda yake ba a yanzu.

Ranar Asabar ba na rubuta sabon abu. Tishi nake yi, kamar a makarantar allo, inda malam ba ya barinka ka wanke allo sai ka biya abin da ke kai ba gargada, kuma ko ka wuce sai an riƙa mai da kai baya. Nakan buɗe abin da na rubuta mako biyu ko wata guda da ya wuce in karanta kamar na wani. Sau da yawa ban gane shi ba, ni da na rubuta. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna a kan kansa yadda abin da aka haddace ke zubewa da sauri a kwanakin farko in ba a waiwaye shi ba. Malaman allo ba su jira shi ba. Tishin nan ne ya koya mini sa wa abubuwa suna mai ma'ana, don na gaji da zagin wanda ya sa wa lamba suna "x2", alhali ni ne.

Sai gwaji. Mai rubuta manhaja na iya rubuta wani ɗan ƙaramin kod da aikinsa kawai ya tambayi babban kod tambaya ya duba amsa. A da ina tsallake wannan babi a kowane darasi, ina ganin ɓata lokaci ne. Gwajin farko da na rubuta a rayuwata cewa yake: in mutum na da bashin sefa 60,000 ya biya dala 12,000, abin da ya rage dole ya zama sifiri. Na sa masa suna "dattijo". Yau gwaje-gwajen sun haura ɗari, suna gudu cikin ƴan daƙiƙoƙi duk sanda na taɓa wani abu, kuma kusan kowane ɗaya kuskure ne da na taɓa yi. Na farkon yana nan a saman jeri, kullum shi nake fara gani.

Abu mafi wuya shi ne komawa kanti. Na je na ce, "Kawu, ba kwamfuta na kawo ba. Ku bar ni in riƙa zama ranar kasuwa ina kallo." Ya nuna mini buhu na zauna. Watanni na yi ina zuwa duk Juma'ar da ba ni da darasi, kuma a kan buhun nan na koyi abin da babu shi a bidiyo ko ɗaya. Na ga Kawu ba ya goge komai a kaye. In an yi kuskure sai ya ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, ya rubuta gyaran a sabon layi. Na koma gida na cire maɓallin gogewa daga manhajar gaba ɗaya, gyara ya zama sabon shigarwa mai ɗauke da rana da sunan wanda ya yi. Na ga masu zuwa ta wajen Ɗan Isa wani lokaci da naira suke biya, kuma canjin ranar ake bi, don haka dole a ajiye canjin tare da biyan, kada a lissafa kuɗin jiya da farashin yau. Na ga mutum huɗu masu suna ɗaya, ana bambanta su da garinsu da sana'ar ubansu. Na ga ana dawo da buhun da ruwa ya taɓa. Kowane ɗayan waɗannan ya ci mini mako biyu ko uku na asubahi.

Kada in sa ku ɗauka safiyoyin nan daɗi gare su. Yawancinsu ba abin da ke faruwa. Na taɓa yin mako uku a kan ƴar injin buga rasit da ke mai da ƙ da ɗ alamar tambaya. Akwai ranakun da awa ke ƙarewa ban ƙara layi ɗaya mai amfani ba, in rubuta a kaye "ban gane ba tukuna" in rufe. Kuma na yi fashi. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana tara a watan Satumba, bikin ƙanwata ya ci mako guda. Doka ɗaya na sa wa kaina a nan: babu ramuwa. A da in na yi fashin kwana uku sai in ce ranar Lahadi zan yi awa shida in rama, Lahadi ta zo awa shidan su yi mini tsaye kamar dutse, in ɗaga zuwa wata Lahadin, bashin ya yi ta hawa har in gudu daga aikin kamar yadda mai bashi ke sauya hanya. Yanzu in na dawo, awa ɗayan nan ce dai, daga layi na uku na ranar ƙarshe.

A wannan lokacin na karanta wani rubutu na Peter Norvig, wanda ya daɗe yana jagorantar bincike a Google, inda yake yi wa littattafan da ke alkawarin koya maka wannan sana'a cikin awoyi ko ƴan kwanaki dariya, yana cewa abin na shekara goma ne. Da a 2019 na karanta da na ji haushinsa. A 2022 sauƙi na ji, don in tafiyar ta shekara goma ce, safiya ɗaya da ta lalace ba komai ba ce.

Da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, ƴan fada suka ce to Injiniya, wahalarka ta zama ta banza. Ina amfani da shi, musamman wajen fassara mini saƙon kuskure da bayyana abin da ban gane ba, kuma yana rage mini hanya. Amma na lura in na bar shi ya rubuta mini abu na liƙa ban karanta ba, ranar Asabar sai in tarar da baƙo a cikin gidana. Wannan ai shi ne dare ukun nan na 2022, sai dai ya fi sauri. Kuma bai taɓa zama a kan buhun Kawu ba. In ban gaya masa akwai dala ba, gurbin "Biya" zai ba ni, fes da shi, mai haɗiye kowace lamba.

Sai 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka sa wa ƙasar takunkumi, aka rufe iyaka, wutar lantarkin da ke zuwa mana daga Najeriya ta tsaya tun farkon Agusta, kuma sai da aka yi kusan wata bakwai a haka. Wasu sun sha wahalar da ta fi tawa nesa ba kusa ba, masu neman magani da masu iyali da farashin abinci ya fi ƙarfinsu, don haka ba zan yi dogon kuka ba. Nawa dai shi ne batirin kwamfutata ya tsufa, minti arba'in yake riƙewa. Da yamma in kai ta wurin mai cajin waya da ke da faranti mai zuƙar rana, in biya, in ɗauko da magariba in ajiye ban kunna ba. Da asuba sai in fara da bik da takarda a ƙarƙashin tocila. In rubuta kod ɗin da hannu, in bi shi layi-layi kamar ni ne na'urar, ina rubuta abin da kowace lamba ta zama. Sai na tabbata sannan in kunna, in buga, in gudanar da gwaji, in kashe. Abin mamaki, kuskurena ya ragu a watannin nan, don wanda ke da minti arba'in ba ya gwada abu da ka. Ban ce ina son a sake ɗauke wutar ba. Wani ɗan aiki da na samu daga Yamai ya kuɓuce mini saboda na kasa aikawa a kan lokaci, kuma ina bukatar kuɗin.

Rufe iyakar ya birkita kasuwa. Farashi na sauyawa cikin mako, naira na faɗuwa, masu tebura suna kawo rabin kuɗi suna roƙon a jira su. Kayen Kawu ya cika da layukan gyara har shafi na komawa kamar saƙar tabarma, shi da yaron kanti suna kai wa isha suna tara lissafi. Wata Juma'a bayan kaka, ina zaune a kan buhuna, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Abin nan naka yana nan?"

Na ce yana nan.

"Ya san dala yanzu?"

Na ce, "Ya sani, Kawu. Ba ya karɓar kuɗi sai an gaya masa dala ce ko sefa ko naira. Kuma kafin ya ajiye sai ya rubuto adadin da kalmomi, jikka kaza da dala kaza, a karanta wa mai biya ya ce e."

Ya ce in kawo, amma da sharaɗi: kaye na nan, za a riƙa rubutawa a duka biyun, duk daren Juma'a a gwada. Wata uku muka yi a haka. Sau biyu lissafin ya saɓa. Na farko yaron kanti ne ya tsallake layi wajen tarawa, ya yi ta mita har ya gano da kansa. Na biyu nawa ne, wajen kayan da aka dawo da su bayan farashi ya tashi, ya zama gwaji na tamanin da wani abu. Daga baya wani mai sayar da magani a layinsu Kawu ya ga abin ya ce in yi masa irinsa, shi ne kuɗin farko da sana'ar nan ta ba ni. Na kai wa Kawu jikka ashirin daga ciki a kan kuɗin kwamfuta. Ya karɓa, ya ɗauko kaye, ya buɗe wani shafi can baya da ban san da shi ba, ga sunana da 24,000 a gabansa tun 2019. Ya rubuta 4,000 a ƙasa.

Dattijon Madarumfa bai daina zuwa ba. Ranar da ya fara tarar da kwamfutar ta dawo kan tebur ya tsaya daga bakin ƙofa ya dube ta, ya dube ni. Na tashi na gaishe shi, na ce, "Baba, ni ne na yi kuskuren nan na bara waccan. Ku yafe mini." Ya ce ya wuce tun a ranar. Ya ƙirgo kuɗinsa ya miƙa, yaron kanti ya shigar, ya karanta masa daga allon, "Jikka goma sha biyar da dala ɗari. Saura jikka huɗu." Dattijon bai kalli allon ba. Ya fiddo takardarsa ta ajami ya warware, ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi Kawu.

"Haka ne a kaye?"

Kawu ya cire robar ya duba ya ce haka ne. Sannan ya naɗe takardarsa ya ce a ɗora masa taliya katan biyu.